Cibiyar da Na Binne a Satwa

Kakata Iya Tabawa ungozoma ce, rabin mutanen ƙauyenmu a hannunta suka faɗo duniya. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura karan dawa a bakin ɗakinta, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ba ta ɓata lokaci wajen buɗe tatsuniya. "Ku matso, wanda ya yi gyangyaɗi ba na komawa baya dominsa." Ni ta fi tsokana. "Kai mijin banza, ko cefane ba ka kawo ba, amma hannunka ya riga na kowa shiga toka."

Akwai wadda ta ba mu da har yau ta ƙi fita kaina. Wai wata mata ce ta tsinci ƙwan zabuwa a bakin daji, ta tura shi ƙarƙashin kazarta, kamar yadda ake yi a garinmu. Kaza ta kwanta a kai har ya ƙyanƙyashe. 'Yar zabuwa ta tashi cikin akurki, tana tsattsagar tsaki da 'yan tsaki, ba ta san wani gida ba. Da zane ya fito mata a jiki, sai zakara ya tara kaji. Ya ce a duba ƙwan waye. Kaza ta ce a duba wa ya kwanta a kai. Aka yi ta cacar baki har la'asar, aka kori 'yar zabuwa. Ta je daji, zabin daji suka ce tafiyarta ta kaji ce, tana warin dusa, ta koma inda ta fito. Sai ta haye danga, ƙafa ɗaya gida, ɗaya waje. Shi ya sa har gobe zabuwa take hawa sama tana ihu.

Muka ce, "Iya, wa ke da gaskiya?"

Ta tofar da ɓawon gyaɗa. "Zakara ya taɓa kwanci ne da zai yi magana? Ni duk yaron da na binne cibiyarsa a bayan ɗakin nan ɗan gidan nan ne, ko daga ina ubansa ya ɓullo."

Ni a aji huɗu na bar makaranta, don haka abin da tsohuwa ta faɗa shi na ɗauka doka. Na shigo Dubai da bizar ziyara, ta ƙare, na maƙale ina ɗaure kwalaye a kasuwar Sabkha. Matata Rabi ita ma haka. Da naƙuda ta zo ba mu nufi asibiti ba, don can takarda za a fara tambaya. Wata Banijariya maƙwabciyarmu a unguwar Satwa ce ta karɓi haihuwar, mace, muka sa mata Safiya. Da gari ya waye na naɗe mabiyiya da cibiya a tsumma, na zagaya bayan gini, na tona rami da ludayin miya tunda babu fartanya. Wani tela Bafakiste yana leƙe na ta taga, ya zaci zinare nake ɓoyewa. Na rufe rami na taka, na ce shi ke nan, 'yata ta zama 'yar ƙasa. Ka ji wauta.

Yanzu shekararta goma sha biyar. Ba ta taɓa zama a aji ba, a ɗaki ta koyi karatu. Larabcinta ya fi na masu kantin unguwa, Hausarta kuwa a karkace take. A takarda babu ita a duniya.

Ran nan ina ɗaure wa Alhaji Sabo mai kamfanin aika kaya gida kwalaye, shi kuma da abokansa suna shan shayi suna musu a kan Amurka, wai ko ɗan da baƙo marar takarda ya haifa a can ya cancanci zama ɗan ƙasa. Alhaji ya gyara zama. "Habibi, doka doka ce. Ka shigo ta taga, ka haihu, ka ce gidanku ne? Khalas, magana ta ƙare, a kwashe su duka." Mutumin da sau biyu yana ɗora Hajiyarsa a jirgi da tsohon ciki don ta juye a can! Na ce, "Alhaji, su 'ya'yan naka biyu ta ƙofa suka shiga ko ta aljihu?" Ya ce, "Yalla, maza, Malam Audu, ja igiyarka." Na ja. Masu fasfo biyu a aljihu su suka fi kowa iya wa'azin iyaka.

Da aka yi shelar afuwa, cewa marasa takarda su fito a sallame su ba ɗauri, muka fito mu uku. Ofishi na farko, na hukumar Dubai, suka ce yarinya ba tasu ba ce, ƙasar uba take bi. Na biyu, na mutanenmu, wani yaro mai ƙamshin turare ya ce ina shaidar haihuwa. Na ce a Satwa na binne cibiyarta da hannuna, in yana so in kai shi. Ya kira abokin aikinsa ya ce in maimaita, suka yi dariya har da dafa tebur. Ko da ya biyo ni ma, an rushe ginin, wurin ya zama ma'ajiyar motoci. Banijariyar kuma ta koma Maraɗi tuntuni. Takardata ta komawa gida ta fito, ta Rabi ta fito, ta Safiya aka ce ana dubawa.

Ina yaro 'yar zabuwar nake tausaya wa, zakara nake zagi. Yanzu da furfura a gemuna kazar na fi rainawa. Ta yi surutunta, aka rinjaye ta, ta juya ta ci gaba da cin tsakinta. Iya ba ta taɓa cewa ta bi 'yar ko taku ɗaya ba, mu kuma gyaɗa ta hana mu tambaya.

Rabi ba ta da lafiyar ci gaba da ɓuya, ranar Talata na raka ta ta hau jirgi tana kuka. Tawa takardar wa'adinta jiya ya cika, ina kallo. Safiya ta gan ta a kan katifa, ta karanta, don ita ke karanta mini komai.

"Baba, wannan ai ta mutu."

Na ce na sani, ta ɗora mana shinkafa, ta mutum biyu.