Birgediya Labbo Ba Ya Cin Abinci Kafin Yaransa

Masu wucewa ta layinmu a Gesse ba su san wane ne tsohon da ke zaune ƙarƙashin dalbejiya ba. Ɗan Argungu ne, ɗan masunta, ya bar komar kamun kifi ya shiga soja yana saurayi. Ya yi yaƙin basasa da ƙaramin muƙami, ya je Laberiya yana Birgediya, dubban sojoji a ƙarƙashinsa. Da ya yi ritaya sai manyan motoci suka daina tsayawa a ƙofarsa. Abin yana ba ni haushi har yau.

A fagen fama yana da doka guda: ba ya kai loma baki sai an tabbatar masa kowane soja ya ci. Da tsufa ya taɓa masa ƙwaƙwalwa ya manta sunayen jikokinsa, ya manta matarsa ta rasu, amma dokar nan tana nan daram. 'Yarsa Fadimatu ta kawo tuwon shinkafa, ya ture, ya ce yara ba su ci ba.

Saje Raphael ne ya cece mu, tsohon sojansa da ke gadi a unguwar Badariya. Kullum zai zo a kan kekensa, ya ƙame, ya sara masa, ya ce yara sun ci. Sai Birgediya ya wanke hannu.

Bana da damina Raphael ya rasu. Aka ɓoye wa Birgediya. Ni ma maƙwabcinsa, da ƙaton tumbina, na je na ƙame na ba da rahoto; ya dube ni sama da ƙasa ya tambaye ni wa ya ɗauke ni soja. Ya koma shan ruwa kawai, idonsa a kan hanya, jiki na zubewa. Likita ya ce in aka ci gaba haka ba zai kai ko'ina ba.

Da Fadimatu ta gaji da ƙarya, ta durƙusa gabansa.

"Baba, Saje ya rasu. Yaranka duk sun tahi. Kai ɗai kar rage."

Ya juyo daga kallon hanya ya dube ta. Tausayinsa ya hana ni ɗaga kai.

"Babu wanda ka jiran abinci?"

"Babu, Baba."

"Ashe ni an na ƙarshe," in ji shi. "Miƙo man ruwa in wanke hannu."

Ya ci tuwon a hankali, hawaye na sauka cikin miyar.