Ni Na Sa Aka Kori Malamar da Ke Koya wa 'Yata Ƙirga da Tsakuwa

Assalamu alaikum Edita. A lokacin da abin nan ya faru, ni matar aure ce a garin Makarfi, mai 'ya ɗaya tal da takardar sakandare da nake ji da ita kamar digiri. A layinmu ni ake kawo wa katin asibiti in karanta, ni ke duba wa mata saƙon waya, har abin ya hau mini kai na ɗauka babu mai faɗa mini yadda ake karatun boko. Ga ni da baki, in na fara magana a gidan suna sai dai a bar mini fili. Ban rubuto don a tausaya mini ba, don ban cancanci tausayin ba.

'Yata na da shekara huɗu na sa ta ajin nazare a wata ƙaramar makarantar kuɗi da ke bayan layinmu. Malamarsu budurwa ce mai sanyin magana, daga wani ƙauye ta wajen Dandamisa take zuwa kullum a kan acaɓa. Ba a jima ba yarinya ta fara dawo mini da aljihu cike da tsakuwa da 'ya'yan tsamiya, riga duƙun-duƙun. In na ba ta rake sai ta bi gaɓoɓinsa da yatsa tana ƙirgawa kafin ta sha. Ta jera takalman gidan biyu-biyu, ta zo ta dame ni da cewa na babanta ya fi nawa tsawo. Ni kuwa littafin rubutunta nake dubawa. Zango guda cur, shafi uku kacal aka taɓa, lambobin ciki ma ba su wuce biyar ba.

Ana cikin haka yayata da ke aure a Zariya ta turo mini bidiyon ɗanta, sa'an 'yata, ya goya hannu a baya yana zubo ɗaya zuwa ɗari da Turanci ba ko tuntuɓe. Ta haɗa da tsokana, wai ina 'yar ƙauyenmu ta tsaya. Wasa take yi, amma ni ban ɗauki maganar da wasa ba. Washegari na zari mayafi na faɗa makarantar ba sanarwa. Na tarar da yara a kan tabarma a gindin bishiya, kowa da gwangwanin madara, malama na cewa a zuba uku a cire ɗaya a faɗi abin da ya rage. Ta taso ta rusuna ta gaishe ni, ta yi mini bayani a hankali cewa rera lambobi daban, sanin su daban, kuma yaro sai ya riƙe uku a hannunsa kafin rubuta uku ya yi masa amfani. Na ce mata tsakuwa ai akwai ta a ƙofar gidana, ba sai na ɗinka wa yarinya kayan makaranta ba kafin ta yi wasan ƙasa.

Da a nan na tsaya da abin ya zo da sauƙi. Sai na ɗauki littafin nan da wayata na bi gida-gida ina nuna wa iyaye mata, ina cewa malamar raguwa ce, raino kawai take yi ana kiranta malama. Ranar taron iyaye da malamai ni na fara miƙewa, na ɗaga littafin sama na karkaɗa shi. Malamar ta roƙi a bar ta ta kira 'yata gaban jama'a a ga abin da ta iya. Na ce ba wasan yara ya tara mu ba, kada ta ɓata mana lokaci. Mai makarantar ya ga za mu kwashe 'ya'yanmu, kafin mako ya ƙare ya sallame ta. Aka kawo wata mai allo da bulala. Littafin 'yata ya cika har aka sake sabo, kuma ranar bikin ƙarshen shekara yarinyar ta riƙe lasifika ta rero ɗaya zuwa ɗari. Na ɗauka a waya na tura Zariya, bakina har kunne.

Asirina ya tonu ne a hannun tsohuwar da ko harafi ba ta sani ba. Surukata ta zo mana daga Kudan da baƙi, aka zuba abinci, ta aiki jikarta ta kawo cokali huɗu. Yarinya ta ƙame, ta mai da hannu baya, ta fara rera lambobi, sannan ta ruga ta kwaso cokula cike da hannu. Na yi dariyar yaƙe na ce ai da Turanci ta saba, na maimaita mata da Turancin. Ta sake kwaso wasu. Surukata ta jawo ta jikinta, ta ajiye ƙwayar gyaɗa shida a kan tabarma ta ce ta taɓa ɗaya-ɗaya ta ƙirga. Yarinya ta ɓoye hannuwanta, ta ce malamarsu tana dukan yatsun duk wanda ya ƙirga da hannu. Tsohuwar ta dube ni a gaban baƙi, ba faɗa ba hayaniya, ta ce bara wannan yarinyar ce ta ƙirga mata 'yan tsaki bakwai har ta gane ɗaya ya ɓata, ta tambaye ni me muka yi mata. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai da na yi wata biyu ina fama da girman kaina kafin na hau mota na nemi ƙauyen malamar. Na same ta a kan keken ɗinki. Ashe babu makarantar da ta ƙara ɗaukarta, domin sunan raguwa da na laƙa mata ya riga ta isa ko'ina. Ta kawo mini ruwa, ta tambayi lafiyar 'yata da sunanta. Na roƙe ta gafara, na ce zan je da kaina in durƙusa wa mai makarantar ya mai da ita. Ta ce ta yafe, amma ta gama da aji. Ta ce korar ba ta yi mata ciwo ba kamar hana ta kiran yarinyar a gaban taro, don minti biyu kawai ta nema. Na hau mota na dawo gida.

Yau 'yata na aji huɗu na firamare. Duk ranar da ake lissafi sai ciwon ciki ya tashi. Tana kwafe abin da ke kan allo tsaf da kyakkyawan rubutu, amma in ka tambaye ta tsakanin bakwai da tara wanne ya fi yawa sai ta tsura maka ido tana jiran duka. Mun ɗauko mai koya mata a gida, mun yi lallashi, ita dai ta riga ta yanke cewa ba ta da kan lissafi. Ni na san tana da shi, na gan shi da idona, ni kuma na kashe shi don in burge yayata.

Iyaye 'yan uwana, cikar littafi ba ita ce ilimi ba, kuma yaron da ke rera ɗari ba lallai ya san biyar ba. In kun ga ɗanku ƙarami na wasa da tsakuwa a makaranta, ku zauna ku tambayi malamarsa dalili, ku kuma saurari amsar har ƙarshe kafin ku buɗe baki. Kwanan baya 'yata ta tambaye ni dalilin da ya sa malamarta ta farko ta tafi, wai ajinta ne kaɗai ta taɓa zama ba ta ji tsoro ba. Na ce mata ƙaura ta yi. Ƙarya na yi mata, kuma duk matan layinmu sun san wadda ta fara miƙewa a taron nan. Wata rana a bakin ɗayarsu za ta ji.