Ranar da na ara wa Malam idona

Shekarun baya, kafin maigidana Malam ya rasu, ba abin da ke haɗa mu musu kamar kumbon nan da Turawa suka ce za su gwada harbawa zuwa wata.

Ku da ba ku san shi ba, shi ne mai duban wata na unguwarmu a Miri. Duk ƙarshen Sha'aban, rana na faɗuwa yana kan dutsen bayan gari, tsaye kamar an dasa shi. In ya sauko ya ce "Na gani," sai a kai labari gaba, ni kuwa in tafi jiƙa geron sahur. Da tsufa ya zo, yanar ido ta rufe masa gani, ya daina hawa. Rediyo ya zama abokin hirarsa. A nan ya ji zancen kumbon, ya ƙwallafa rai sai ya ga tashinsa.

Ni ban yi boko ba, amma bakina ba na aro ba ne. Na ce, "Malam, abin da aka ce ba mutum a ciki, sai mutum-mutumi a kan kujera? Su kansu ba su yarda da shi ba."

Ya ce, "Tsohuwa, ke kina yi wa mutane tuwo a sabuwar tukunya ba ki fara dafa dusa a ciki ba?"

Aka sa rana, aka ɗaga, wai mai ne ke zuba. Na ce, "To, tukunyarka yoyo take." Aka sake ɗagawa, na sake yi masa tsiya. Yana dariya, amma ina lura idon kullum ƙara dushewa yake.

Wata safiya ɗanmu, direba ne a GRA, ya faɗo gidan a kan babur, waya a hannu. "Baba, yanzu za su harba!" Malam ya karɓa, ya kai ta har bakin hancinsa, ya juya ta, ya sake juyawa. Can ya sauke hannu.

"Haske kawai nake gani," in ji shi. "Tsohuwa, ara min idonki."

Sai na gyara zama. Na ce ga shi nan tsaye, dogo kamar hasumiya. Ga wuta ta kama gindinsa, hayaƙi ya turnuƙe kamar an ƙone gonar dawa bayan girbi. Ya motsa, Malam! Yana hawa, wutar na binsa kamar jela!

"Rage gishiri," ya ce.

"Wallahi yau ko ƙwaya ban sa ba!"

Ban ankara ba sai ga ni tsaye, ni mai cewa tukunya na yoyo, ina ɗaga wa waya hannu: "Allah ya kai ka lafiya!" Ɗanmu har da riƙe ciki.

Da yamma maƙwabcinmu ya leƙo. "Malam, ka ga tashin kuwa?"

"Na gani."

"Da wane idon?"

"Shekara nawa kuna ɗaukar azumi da ganina? Ni ma yau na samu shaidar da na yarda da ita."

Bai kai wani azumin ba. Ni dai har gobe, in jinjirin wata ya tsaya, sai in fito tsakar gida in dube shi da kyau, in faɗi yadda yake a fili: ya kwanta ne, ko ya karkata. Gishiri kuwa, ba na sawa.