Asabar ɗin da Norb Kaczmarek Ya Zaɓa

A garinmu na bakin tafki, can arewacin Wisconsin, in ka ambaci Norb Kaczmarek sai an yi murmushi an ce, "Mai faranti?" Lokacin da aurensu da Lorraine ya cika shekara ashirin da biyar, ya sa aka zana ranar auren a kan farantin azurfa, ya miƙa mata a gaban dangi. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Norb, wa ka aura a 1991? Ni dai a Janairun 1992 ka aure ni."

Shi kuwa bai ga kuskurensa ba. A wajen Norb shekara ba ta farawa sai Satumba, ranar da aka buɗe kakar ƙwallo, ƙwallon nan tamu mai siffar ƙwai da ake runguma a ruga da ita. Ana gama wasannin zagaye a farkon Janairu, a shiga sili-ɗaya-ƙwale, a yi wasan ƙarshe a Fabrairu, amma duka da sunan shekarar da aka fara ake kiran kakar. Don haka Janairun da ya yi aure, a lissafinsa, na kakar 91 ne. Farantin yana nan a falo, Lorraine ta juya fuskarsa bango.

Maƙwabcina ne tun yaranmu suna rarrafe. Motar kwashe ƙanƙara ta gari yake tuƙawa, mutum mai jiki da ƙaramar murya, mai yawan fargaba. In ƙungiyarmu tana wasa ba ya canza kujera, ba ya canza safa, wai kada sa'a ta karye, ko muna gaba da maki da yawa sai ka ji yana cewa, "Da sauran lokaci, ku bar murna."

Da 'yarsa tilo, Bethany, ta tashi aure, shi ya ce a bar masa zaɓen rana. A nan garin ba a sa biki ranar wasa, kowa ya san haka, ko jana'iza sai an duba jadawali. Norb ya dubi ƙungiyarmu a wancan lokaci, 'yan wasa rabi sun ji rauni, sabon koci ko gemu bai gama fitarwa ba. Ya zaɓi Asabar ta tsakiyar Janairu.

Bethany ta ce, "Baba, ba makon farko na sili-ɗaya-ƙwale ba ne?"

Ya ce, "'Yata, waɗannan? Kafin Kirsimeti sun tattara kayansu."

Aka kama zauren cocin, aka gayyaci mutane. Sai ƙungiya ta fara ci.

Tun daga Nuwamba Norb ya soma ramewa. Duk Lahadi gari na ihu, shi yana zaune da hannu a haɓa. Ranar Juma'a a wajen cin soyayyen kifi, Duane mai gyaran famfo ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Surukin gari, ni fa ina son Bethany, amma ka san tun kafin a haife ta nake bin ƙungiyar nan."

Norb ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. A hanyar gida ya ce mini, "Kai kana ganin za su zo? Yarinyar nan ta shigo zaure ta tarar da kujeru, me zan ce mata?"

Na ce, "To ka canza safa mana, mu faɗi, kowa ya huta."

Ya dube ni kamar na zagi mahaifiyarsa. Bai iya roƙon mu ci ba, bai iya roƙon mu faɗi ba. Lorraine ta ce ta gan shi a coci ya durƙusa ya daɗe, da ta tambaye shi me ya roƙa, ya ce bai roƙi komai ba, bayani kawai ya yi.

Muka shiga sili-ɗaya-ƙwale. Abin da ya rage shi ne ko za a sa wasanmu Asabar ko Lahadi, kuma masu shirya gasar ba sa faɗa sai an gama wasannin zagaye, saura 'yan kwanaki. Da sanarwa ta fito, Asabar ce, da yamma, daidai lokacin walima. Norb ya lallaba ya ce ko a kawo talabijin ɗan ƙarami a ajiye a lungu. Lorraine ta ce, "Ka kawo, sai ka aure shi, ka zana masa faranti."

Ranar biki ya tsaya a ƙofar zaure cikin kwat ɗin da ta matse shi, yana leƙen wajen ajiye motoci, gumi na zuba duk da sanyin. Motar Duane ce ta fara shigowa. Sai wata, sai wata. Wasu ka ga koriyar rigar ƙungiya tana leƙowa ta wuyan kwat, maza kuma suka yi ta zuwa bayi fiye da yadda lafiya ta yarda, don leƙa sakamakon wasa a waya, amma zaure ya cika har an ƙaro kujeru.

Ana cikin rawar uba da 'ya sai wani nishi ya fito daga kicin, inda masu girki suka ɓoye rediyo. Duk wanda ya girma a garin nan ya san wannan nishin, na an cinye mu ne. Na ga kafaɗun Norb sun sauka. Bethany ta ce masa wani abu a kunne, ya girgiza kai, ya ci gaba da juya ta a hankali har kiɗa ya ƙare.

Har yau Duane bai bar shi ba. Makon jiya ma a wajen kifi ya ce, "Dattijo, kai ka fitar da mu, ka bar kujerarka ka tafi rawa. Af, wace shekara ma aka yi bikin nan? Za mu sa a zana."

Norb ya goge bakinsa ya ce, "Shekara kam ku tambayi Lorraine, an hana ni taɓa wannan. Ni dai na san kakar da aka fitar da mu a makon farko ce, kuma kai da kanka ka ɗauko ƙarin kujeru."