Merv Ba Ya Manna Farashi

A layinmu na garin Whyalla, in ka ce Merv Tregenza ba lallai a gane ba, amma in ka ce tsohon nan mai gwanjo a garejin gidansa, kowa zai nuna maka gidan. Ƙofata na kallon tasa, titi ne kawai tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

Merv ya ƙare ƙuruciyarsa yana walda a masana'antar ƙarfe, har kunnensa na hagu ya mutu. Bai daɗe da yin ritaya ba matarsa Dulcie ta rasu. Ɗansu guda, Darrin, yana can Adelaide da aikinsa. Gwanjon farko kayan Dulcie ne, tukwane da labule da tarin zaren saƙa. Duk mun ɗauka in sun ƙare shi ke nan, kamar yadda kowa ke yi a garin nan: ka share gida, ka baza tarkace a ƙofa ranar Asabar, ka huta. Ina! Asabar ɗin farko ta watan da ya biyo sai ga ƙofar gareji a ɗage, na gaba ma haka. Kayan kuma ba sa ƙarewa, don tsakiyar mako yakan ja tsohuwar a-kori-kurarsa zuwa shagon bakin juji, inda ake sayar da abin da mutane suka zubar, ya ciko bayanta taf.

Ya iya abin, wannan ba a ƙwace masa. Duk mai shirin gwanjo a unguwa sai ya zo ɗaukar darasi. Kwalin talla, in ji shi, a rubuta da manyan baƙaƙe, kalma kaɗan da kibiya, don mai mota ba zai tsaya karatu ba. A ɗaure shi a turken lantarki na mararraba, da yamma kuma a koma a cire kada a sha zagi. Guduma da zarto da kayan kamun kifi su zauna bakin titi, domin maigida ne riƙe da sitiyari, da ya hango su zai taka birki ba sai uwargida ta roƙe shi ba. Kada a zube kaya a ƙasa, gwiwoyin masu saye sun tsufa. A tanadi canji. Abin da ba na sayarwa ba a lulluɓe shi da zanin gado, in ba haka ba sai ka waiwaya ka tarar ana taya injin yankan ciyawarka.

Darasi ɗaya ne yake bayarwa shi ba ya bi. Kowa ya zo sai ya ce masa ya manna farashi a kan komai, amma a garejinsa ko cokali babu takarda. Na taɓa yi masa tsiya a kai.

"Merv, kai wane irin likita ne da ba ya shan maganinsa?"

"Noeline, in na manna, mutum zai ɗauka, ya ajiye kuɗi, ya yi gaba. In ban manna ba, dole ya tambaye ni."

"To in ya tambaya sai me?"

"Sai in ce ban ji ba, ya zagayo ta kunnen dama. In ya zagayo kuwa, ai ga kujera."

Haka ne kuwa. Kujeru biyu na roba suna damansa, butar shayi na gefe, ga gwangwanin biskit. Cinikin sifana ɗaya kan ci rabin safiya, sai ka ji tarihinta da na wanda ya zubar da ita. Akwai Stavro mai kamun ƙaguwa, ba ya sayen komai sai dai ya shanye shayi ya zagi gwamnati. Akwai tsohuwa Milica Petrovic da ta fi shekara tana taya fitilar tagulla guda.

"Dala biyu, kai ɗan walda, kafin in fasa."

"Albarka. Ki dawo wata mai zuwa, wataƙila na yi laushi."

"Sai ka mutu in saya wurin magada."

Ita ba ta son fitilar, shi ba ya son sayarwa, kuma dukansu sun sani.

Sauran kwanakin wata gidan shiru yake, sai ƙarar talabijin da ke tsallako titi. Ni ma ni kaɗai nake tun da nawa mijin ya tafi, na san yadda wuni ke yi wa mutum tsawo. Wannan Asabar ɗin ita ce abin da Merv yake jira, ita yake yi wa aski, ita yake goge wa riga.

Sai ya zame a banɗaki, ƙugu ya goce, likita ya ce shi da tuƙi har abada. Darrin ya zo a guje. Kada a ce na zage shi, yaron kirki ne, a gabana ya girma. Ya samo wa uban ɗaki a wani bene kusa da shi, hawa na uku, mai na'urar hawa da komai. Merv bai iya cewa a'a ba, bai taɓa iya ce wa yaron nan a'a ba. Sai ya nuna gareji da sandarsa.

"Kayan nan fa? Ba zan bar wa mutane juji ba. In sun ƙare, na bi ka."

Shi a lissafinsa ya ɗaure akuya a gindin magarya, tunda kayan da ba su ƙare ba shekara da shekaru ba yanzu za su ƙare ba. Darrin kuwa ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta.

"To Baba, na wannan watan ni zan yi maka. Kai dai ka zauna ka huta."

Abin haushin, duk darussan uban ya bi, bai tsallake ko ɗaya ba. Manyan baƙaƙe, kibiya, kayan aiki a bakin titi, canji a jaka. Ya ƙara da talla a waya cewa komai zai tafi, har da motar. Sannan ya wuni da 'yan takardu masu gam yana mannawa, a kan araha kamar kyauta.

Rana ba ta gama fitowa ba dillalai suka dira, wasu tun daga Port Augusta, da tireloli. Ba gaisuwa, ba tayi. A duba takarda, a miƙa wa Darrin, a loda. Merv na zaune da rigarsa gogaggiya, buta ta tafasa ta huce ta sake tafasa. Wani ya cicciɓi injin wasa wuƙa, na ji Merv ya ce, "Wannan ai na wani Bajamushe ne da muka yi aiki tare, wata rana…" Mutumin ya ɗaga masa kai kawai ya wuce. Kujerun robar ma an manna musu, an tafi da su.

Milica ta iso a lokacinta na kullum, da hantsi. Ta tsaya tana kallon bangon baya na garejin, wanda rabon da a gan shi tun Dulcie na da rai. Ba ta tambayi fitilar ba.

Darrin ya zo yana share gumi, fuska fal murna. "Baba, ka gani? Duk yadda kake koya wa mutane na yi."

"Ka yi ƙoƙari, ɗana. Ban taɓa ganin gwanjo ya tafi haka ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da Darrin ya tafi cire kwalaye na tsallaka, na zagaya ta kunnen dama.

"In kai ba za ka gaya masa ba, ni zan gaya masa."

"Ki bar shi, Noeline. Da zuciya ɗaya ya yi. Kuma ni na ce in sun ƙare."

"Kai dai ka cika taurin kai."

"Ke ce ba ki da shi."

Kafin wata ya zagayo Merv ya koma Adelaide. Wasu ma'aurata masu aiki a mahaƙar ma'adinai suka sayi gidan, mako biyu suna nan, mako biyu ba sa nan, garejin kullum a rufe.

Ina kiransa a waya lokaci-lokaci. Ya ce ɗakin ba laifi, akwai ɗumi, Darrin na leƙowa ranar Lahadi, maƙwabta kuma masu ladabi ne, ba sa damun kowa. Kwanakin baya na kira shi da safiyar Asabar, ina tsaye a taga, sai na ce masa har yanzu in farkon wata ya yi motoci kan rage gudu a ƙofar gidan, a leƙa, a wuce. Sai ya tambaye ni:

"Yanzu ma akwai?"

"Ga wata nan, fara, da kwale-kwale a bayanta."

"Stavro ne. Ya tsaya?"

"Ya wuce, Merv."

"To," in ji shi. "Kada ki ajiye tukuna. Gaya min wadda ke biye."