Baba da Birkin Baya

Shekara talatin Baba ya yi yana tuƙa motar asibiti, kuma har ya yi ritaya bai taɓa yarda da maganar makaniki a kan birki ba. Kullum cewa yake, "Ido ne shaida."

Wata Asabar babbar 'yarsa ta zo gaishe shi. Tun daga bakin get ya ji motarta tana wani ɗan ƙii.

"Wa ya taɓa miki birkin baya?"

"Jiya-jiyan nan makaniki ya sa sababbin takalman birki, Baba."

"Kin gani da idonki?"

Bai ko bari ta gama gaisuwa ba ya ɗauko jak da sifana. Ya tokare tayoyin gaba da bulo, ya ɗaga motar, ya cire tayar baya. Ya laluba ta ciki ya kwance noti biyu, ya zaro ƙarfen nan da ke matse faifan birki, ya rataye shi da waya don kada nauyinsa ya tsinka tiyon man birki.

Takalman birkin sababbi ne fil. 'Yar tsakuwa ce kawai ta maƙale.

"To, ka gani, Baba? Ka ɗauki alhakin bawan Allah."

Ya zagaya ya buɗe ɗaya gefen. Nan ma sababbi. Ya daɗe yana jujjuya su a hannu, fuska a murtuke.

"Wannan makanikin," in ji shi, "wani ya gaya masa ke 'yata ce."