Kwanon maƙwabciyata

Ranar da likita ya ce ina da ciwon suga, ya ba ni takarda mai hotunan abinci, burodi da dankali da taliya, kowanne da lissafin sitacinsa. Na duba gaba da baya, babu tuwo, babu masa. Ashe a ganinsa mu iska muke ci. Ya ce in suga bai sauka ba cikin wata uku, sai allura. Ni kuwa ko a jikin wani na ga allura sai gabana ya faɗi.

Maƙwabciyata a East Greensboro, unguwar da nake zaune a ƙasar waje, wata dattijuwa ce daga kudancin Indiya, ita ma ciwon ne da ita, ita ta koya mini ƙirga. Tana turara wata wainar shinkafa, idli suke ce mata, fara fat kamar masar da ba ta ga mai ba. "Biyu kawai," in ji ta, "sauran cikin ki cika shi da miyar kayan lambu."

Sai ta fara aiko mini da wainar, ba biyu ba, kwanon silba cike taf. Mu kuwa ba mu taso muna zubar da abincin maƙwabci ba, ba ma kuma mayar da kwano wayam. Na cinye, ina ƙirgawa tsakani da Allah har goma, na soya masa na cika kwanon na mayar. Bayan kwana biyu ya dawo cike. Haka ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙofofinmu, na'urar gwajin sugana kuwa kullum sai ta nuna abin da zai hana ni sukuni.

Saura mako biyu in koma asibiti tsoro ya fi ƙarfin kunya. Na wanke kwanon, na ƙwanƙwasa mata ƙofa, kaina a ƙasa.

"Mama, ki yi haƙuri, babu komai a ciki. Ba zan iya ba kuma."

Ta leƙa kwanon ta yi dariya har da hawaye. Ta ce su ma a garinsu ba a mayar da kwano wayam, ba a kuma zubar da abin da aka kawo. Masata ko ɗaya ba ta taɓa bari ba, don kada in ji ba daɗi.

Sannan ta buɗe firij ta nuna mini ƙananan kwalaben ruwan allura. Tun watan jiya aka ɗora ta a kai.